Tsohuwar kwandala mai tsada: yadda ake yanka mata farashi da yadda ake sayar da ita

A ɗauki kwandaloli biyu na azurfa a ajiye kan tebur. Dukansu dalar Amurka ce irin wadda ake kira Morgan, dukansu an buga su a maƙerar kuɗi ta San Faransisko a shekarar 1884, kowace nauyinta giram 26.73, kashi 90 cikin ɗari azurfa ne. Ta farko ta sha yawo a aljihun mutane har gashin matar da ke jikinta ya shafe, kuma 'yan gomomin daloli ne kuɗinta. Ta biyu ba ta taɓa shiga ciniki ba, tana nan yadda ta fito daga injin. Irinta mafi kyau da aka sani an sayar da ita dala 750,000 a 2020. Ƙarfe ɗaya, shekara ɗaya, maƙera ɗaya. Wanda ya gane abin da ya raba waɗannan biyun ya gane rabin wannan harka.

Yawancin mutanen da kwandala ta faɗo hannunsu, ko ta gado ko ta tsintuwa, tambayar farko da suke yi ita ce shekarunta nawa. Tsufa kuwa shi ne mafi raunin abin da ke ɗaga farashi. Akwai sulallan tagulla na daular Rum da suka haura shekara 1,600, amma ana samunsu da araha, domin an buga su da yawan gaske kuma har yau ana tono su tulu-tulu. Ƙarfen ma ba shi ne ba. Abin da zinariya ko azurfar da ke jiki ke yi shi ne ta shimfiɗa ƙasan da farashi ba zai nutse ya wuce ba. Kwandalar zinariya ta dala 20 ta Amurka tana ɗauke da zinariya tsantsa da ta kusa oza ɗaya, don haka ko ta lalace ba za ta gaza kuɗin wannan zinariyar ba. Duk abin da ya hau kan wannan, wani abu ne daban ake biya.

Abin da ake biya na farko shi ne ƙaranci, kuma shi ma kashi-kashi ne. Akwai adadin da aka buga tun farko, akwai adadin da ya tsira, sannan akwai adadin da ya tsira da kyansa. Na farkon yana rubuce a littattafai, kowa na iya dubawa, shi ya sa yake ruɗin sababbin shiga. Dalar 1884 ɗin nan ta San Faransisko guda miliyan 3.2 aka buga, wanda ba ƙaramin adadi ba ne, sai dai kusan duka an sake su cikin jama'a sun goge. Na biyun kuma ba wanda ya san shi tabbas. A 1918 dokar Pittman ta sa an narkar da dalolin azurfa sama da miliyan 270, ba tare da an rubuta na wace shekara aka jefa a wuta ba. Haka aka yi ta kirdado shekara da shekaru. Dalar 1903 ta maƙerar New Orleans an ɗauke ta a matsayin wadda kusan duka aka narkar, ana sayar da sabuwarta sama da dala dubu ɗaya, sai a ƙarshen 1962 baitulmalin Amurka ya buɗe rumbu aka fito da su buhu-buhu. Cikin 'yan makonni farashin ya faɗo zuwa 'yan gomomi. Irin haka ta faru da zinariyar jirgin ruwan SS Central America wanda ya nutse a 1857: da aka fara tsamo kayansa a ƙarshen shekarun 1980, sai ga kwandalolin dala 20 na 1857 sama da dubu biyar, sababbi fil. Ƙaranci dai ana auna shi ne da abin da aka sani yau, gobe wani rumbu na iya buɗewa.

Sai kuma a sami masu so. Kwandala na iya zama guda uku kacal a duniya, amma in mutum biyu ne ke nemanta kuma duk sun samu, ta ukun za ta daɗe tana jiran mai tayi. Kwabon Amurka na tagulla na 1909 mai hoton Shugaba Lincoln, mai alamar S ta San Faransisko da haruffan VDB na sunan mai zanensa, guda 484,000 aka buga, dubbai na nan a hannun mutane, amma kullum da tsada yake, saboda masu tara jerin kwabban Lincoln sun fi shi yawa nesa ba kusa ba.

Inda kuɗin ya taru shi ne yanayin jikin kwandalar, kuma nan ya kamata mai ita ya tsaya ya fahimta da kyau. Ma'aunin da kasuwa ke amfani da shi daga 1 ne zuwa 70. Wani Ba'amurke, William Sheldon, shi ya fito da shi a 1949 domin manyan kwabban tagulla na farkon Amurka, kuma asalin tunaninsa lissafin farashi ne: wadda ke 70 ta ninka wadda ke 1 sau saba'in. Lissafin ya rushe tuntuni, lambobin suka zauna. Daga 1 zuwa 58 duk kwandalar da ta taɓa gogewa ce, komai ƙanƙantar gugar. Daga 60 zuwa 70 ita ce wadda ba ta goge ba ko kaɗan, ana sa mata haruffan MS a gaban lambar. Akwai kuma waɗanda tun farko aka buga su na musamman domin ajiya ko kyauta, da ƙarfen bugu da aka goge kamar madubi. Su ana sa musu PR ko PF, kuma wannan bayanin yadda aka ƙera su ne, ba matakin kyau ba.

Ga yadda mai tantancewa ke yi. Zai riƙe kwandalar ta gefe da yatsu biyu, a ƙarƙashin fitila guda ɗaya, ya karkata ta a hankali yana juyawa. In fatar ƙarfen ta asali tana nan, haske zai riƙa zagaya fuskarta kamar hannun agogo. Wannan ƙyalli ya samo asali ne daga lokacin bugu, sa'ad da ƙarfen ya malala daga tsakiya zuwa gefe ƙarƙashin matsi ya bar siraran layuka waɗanda ido ba ya rarrabewa. Sai ya duba wuraren da suka fi tudu, kunci, gashin da ke saman kunne, ƙirjin mikiyar da ke baya. In hasken ya yanke a nan, wurin ya yi dishi-dishi, to ta goge, ta faɗo 58 ko ƙasa. In bai yanke ba, sai ya ɗauki gilashin ƙara girma ya ƙirga tabban da ta samu wajen karo da 'yan'uwanta a buhu. Inda tabon yake ya fi yawansa muhimmanci: ƙwarzane ɗaya a tsakiyar kunci ya fi guda biyar da suka ɓuya a cikin gashi illa. Zai duba ko bugun ya fito sosai, ya duba launin da shekaru suka sa mata, sannan ya yanke lamba. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi kaɗan ne ga wanda ya saba.

Tsakanin 63 da 65, mutumin da bai saba ba zai rantse ba bambanci. Kasuwa kuwa tana iya ninka farashin sau uku, sau goma, wani lokaci fiye, musamman a matakin da adadin da ya rage ya tsuke. Shi ya sa kafin 1986 cinikin ya cika da rigima: dillali in zai saya sai ya ce 63 ce, in zai sayar ta zama 65. A shekarar ne aka kafa kamfanin PCGS a Kalifoniya, a 1987 NGC ya biyo baya. Aikinsu shi ne su karɓi kwandala, ƙwararru fiye da ɗaya su duba ba tare da sun san ko ta waye ba, su tabbatar ta gaske ce, su ba ta lamba, su rufe ta a kwanson roba mai ɗauke da lambar rajista da kowa zai iya bincikawa a intanet. Wannan ne ya sa ake iya sayen kwandalar miliyoyi daga wata nahiya ba tare da an taɓa ta ba.

Amma a faɗi gaskiya, lambar ra'ayi ce, ra'ayin da kasuwa ta amince ta biya kuɗi a kansa. Akwai masu sana'ar fasa kwanso su sake tura kwandala ɗaya sau uku, sau biyar, har ranar da za ta dace ta hau mataki guda. Wannan yana ɓata wani abin kuma: kamfanonin suna wallafa ƙidayar adadin da suka tantance a kowane mataki, kuma masu saye suna dogara da ita, alhali kwandala ɗaya mai yawan komawa na iya bayyana a ƙidayar a matsayin huɗu. Har ta kai a 2007 aka kafa wani kamfani, CAC, wanda ya fara da duba waɗanda aka riga aka tantance, in ya gamsu ya liƙa ƙaramar koriyar alama a kan kwanson. Mai tantance masu tantancewa ke nan, kuma alamar tasa tana ƙara kuɗi. Ni dai ina ganin wannan kaɗai ya isa shaida cewa wanda ya sayi lamba bai kalli ƙarfen ba, yana sayen rabin kaya ne.

Babbar asarar da mai kwandala ke yi, yakan yi ta ne a gida, kafin kowa ya gani. Ya ga ta yi duhu, sai ya ɗauko tsumma da man goge ƙarfe don ta yi kyan shiga kasuwa. Layukan nan da ke ba da ƙyalli sun fi gashi sirantaka, shafa ɗaya ke share su, kuma ba sa dawowa. Abin da zai rage shi ne wani sheƙi na mutuwa da ƙananan karce jere da juna, waɗanda ƙwararre ke hangowa tun kafin ya ɗauki gilashi. Kamfanonin ba sa ba wa irin wannan kwandala lamba. Za su rubuta ta gaske ce amma an wanke ta, kuma sau da yawa rabin kuɗin ko fiye ya tafi ke nan. Duhun da mai ita ke ƙi, wani lokaci shi ne abin da mai saye zai ƙara kuɗi a kansa, in ya fito da launuka masu kyau. Haka hujin rataya, haka lanƙwasa, haka zanen yatsa, wanda gumi ke cinye ƙarfe ya bar shi dindindin. Ko ledar ajiya mai laushi tana iya fitar da wani koren danƙo da ke cin fuskar kwandala a hankali.

Jabu kuma ya wuce yadda ake zato. Na kasa-kasa sikeli da maganaɗisu ke tona shi: nauyi bai cika ba, faɗi ya sha bamban, ko ya manne wa maganaɗisu alhali azurfa da zinariya ba sa mannewa. Mai haɗari shi ne wanda aka yi da kwandala ta gaske. A ɗauki ƙaramar kwandalar azurfa ta 1916 ta maƙerar Filadelfiya, wadda take da yawa, a liƙa mata ɗan harafin D, sai ta koma ta Denver wadda guda 264,000 kacal aka buga. Ƙwararru suna gane wannan ne domin sun haddace ƙarafan bugun da aka yi amfani da su, sun san daidai inda harafin ke zama da siffarsa. Yanzu har kwanson robar ake yin jabunsa, don haka duba lambar rajista kawai bai wadatar ba, sai an gwada hoton da kamfanin ya ajiye da abin da ke hannu, tabo da tabo.

Ƙwararrun ma suna kuskure, kuma ta kowane ɓangare. Kwandalar Amurka ta santi biyar ta 1913 mai kan Liberty, matar da ke wakiltar 'yanci, guda biyar ce a duniya. Mai ɗaya daga ciki, George Walton, ya rasu a haɗarin mota a 1962, aka tsinci kwandalar cikin kayansa, aka kai wa masana suka ce jabu ce. Danginsa suka jefa ta a kabad shekara arba'in. A 2003 aka jera ta da sauran huɗun a wani taro a Baltimore, aka tabbatar ita ce ta biyar ɗin da ake nema. A 2013 ta tashi a kan dala miliyan 3.17.

Akwai kuma abin da zan kira isnadin kwandala, wato jerin hannayen da ta bi. Yana tabbatar da sahihanci, yana kare mai saye daga shari'a, kuma shi kansa labarin ana sayensa. Dalar Amurka mai ɗauke da shekarar 1804 'yan ƙalilan ne aka sani, kuma ba a 1804 aka buga su ba. Na farkon an ƙera su ne a wajen 1834 domin kyautar diflomasiyya. Wadda aka kai wa Sarkin Maskat, Sa'id bin Sultan, ita ce mafi kyau a cikinsu, ta tashi a dala miliyan 7.68 a 2021. A ɓangaren kuɗin Musulunci, dinarin Banu Umayya na yau da kullum, mai nauyin kusan giram 4.25, ana samunsa ba da wahala sosai ba. Amma na shekarar 105 bayan hijira wanda aka ƙara wa rubutun "Ma'adin Amirul Muminina bil Hijaz", wato ma'adinin Sarkin Muminai da ke Hijaz, gidan gwanjon Morton & Eden na Landan ya sayar da shi fam miliyan 3.72 a 2011. 'Yan kalmomi ne suka raba shi da saura.

To yaya mai kwandala zai san kuɗin tasa? Ba daga abin da masu talla suka rubuta a intanet ba. Kowa na iya neman abin da ya ga dama, tayi shi ne magana. Abin dubawa shi ne farashin da aka sallama irinta a gwanjo kwanan nan, shekara ɗaya, maƙera ɗaya, lamba ɗaya, kamfanin tantancewa ɗaya. Manyan gidajen gwanjo kamar Heritage da Stack's Bowers suna barin tarihin cinikinsu a buɗe da hotuna. Littattafan farashi suna taimakawa, amma na masu saye ɗaiɗai ne, dillali ba zai biya haka ba. A kuma tambayi mai kimantawa wace ƙima yake bayarwa, domin ta inshora takan fi abin da za a samu a hannu. Wanda zai saya kuwa bai kamata ya zama shi kaɗai ne mai kimantawa ba. Ba sai ya zama maha'inci ba. Ba a tambayar mai neman araha ya faɗi tsada.

Hanyoyin sayarwa ba su da yawa. Dillali yana biya nan take, ba jira, ba fargaba, amma zai cire ribarsa da ladan haɗarin ajiye kaya, kuma ratar tana faɗaɗa in kwandalar mai wuyar samun mai saye ce. Ga wadda irinta ke yawo a kasuwa kullum, wannan hanya ba laifi, muddin an ji tayin mutum uku. Ga wadda ba ta da na biyu, gwanjo ya fi, domin farashinta ba ya wanzuwa sai masu kuɗi biyu sun kafe a kanta.

Sai dai a iya karanta lissafin gwanjo. Adadin da jaridu ke bugawa ba shi mai kaya ke karɓa ba. Gidan gwanjo yana ɗora wa mai saye la'ada a kan farashin da guduma ta faɗa, a yau kusan kashi 20 cikin ɗari ko ɗan sama, sannan yana iya cire wata daga mai sayarwa. A misalta guduma ta faɗa a dala 10,000. Mai saye zai biya 12,000, shi ne za a sanar. In an yi da mai kaya a kan kashi 5, zai karɓi 9,500, bayan wata ɗaya da rabi ko makamancin haka. Mai saye ya san da la'adar, ya rage ta daga tayinsa tun farko, don haka a ƙarshe daga aljihun mai kaya duka ke fita. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne la'adar mai sayarwa ana cinikinta. In kayan na ja ne, gidajen suna yafe ta, har su ba da wani kaso daga ta mai saye. A rubuta komai: wa ke ɗaukar inshora daga ranar da aka miƙa, a wane zama za a fito da ita, da wane irin hoto da bayani, kuma me za a biya in ba ta sayu ba.

Batun farashin da ba a sallamawa ƙasa da shi yana da kaifi biyu. Yana kare mai kaya daga mummunar rana, amma in ya yi sama masu tayi sukan ja da baya, kuma kwandalar da aka ga ta koma gida takan ɗauki tabo a idon kasuwa na wani lokaci. Dalar azurfa ta 1794, ɗaya daga guda 1,758 da aka fara fitarwa, ita ce ta fara haura dala miliyan 10 a gwanjo, a 2013. Da aka sake fito da ita a 2020 ba ta kai inda aka tsayar ba, ta koma. A farkon 2022 aka sayar da ita a ciniki na kai-tsaye kan miliyan 12. Mai ita yana da halin jira. Wanda bashi ke bi ba shi da shi, kuma dillalai suna jin warin gaggawa. Kasuwar kanta tana hawa da sauka: a 1989 ta yi tashin gwauron zabi lokacin da kuɗin masu zuba jari suka shigo, ta rikito bayan shekara ɗaya, kuma akwai kwandalolin da ba su sake ganin wancan farashin ba.

Ragowar maganar ta doka ce, kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Riba tana da haraji a wurare da dama. A Amurka ribar kayan tarawa da aka daɗe da riƙewa ana iya cire mata har kashi 28. Ƙasashe da yawa sun hana fitar da kayan tarihi ba izini, kuma tun yarjejeniyar UNESCO ta 1970 masu sayen tsofaffin sulalla suke neman takardar da ke nuna inda abu yake kafin wannan shekara. Kwandalar zinariya da Brutus, ɗaya daga waɗanda suka kashe Julius Kaisar na Rum, ya buga don tunawa da kisan ta tashi a fam miliyan 3.24 a Landan a 2020, daga baya aka gano isnadinta ƙirƙirarre ne, aka ƙwace ta aka mayar wa Girka a 2023.

Wadda ta fi kowace tsada a gwanjo ma doka ce ta yi ta. A 1933 Amurka ta buga kwandalar zinariya ta dala 20 guda 445,500, amma kafin a sake su Shugaba Roosevelt ya dakatar da amfani da zinariya, aka ba da umarnin narkar da su. 'Yan kaɗan suka sulale, gwamnati ta ɗauke su kayan sata tana bi tana ƙwacewa. Ɗaya ta isa hannun Sarki Faruk na Masar da takardar izinin fitarwa ta 1944, wadda aka bayar bisa kuskure, kuma wannan takarda ce ginshiƙin sulhun da ya halatta mallakar guda ɗaya tak. Wasu guda goma da wani iyali ya tsinta a akwatin banki ya aika wa maƙerar gwamnati don tantancewa, ba a mayar musu ba, kotu kuma ta bar wa gwamnati. Halattacciyar ta tashi a dala miliyan 18.9 a gidan gwanjon Sotheby's a 2021. Lokacin da aka fara gwanjonta a 2002, guduma ta faɗa a miliyan 6.6, la'adar kashi 15 ta kai ta miliyan 7.59, sannan aka ce mai saye ya ƙara dala 20, kuɗin da ke rubuce a jikinta, domin baitulmali ya shigar da ita littafi a matsayin kuɗin da aka fitar a hukumance.